Koren da Yayana Ya Riƙa Dannawa

Ni na saka wa yayana abin nan a waya, da hannuna, ba wanda ya aike ni. Shekarar da ya komo daga bida, wato ci-rani, a Abijan da tari da rama, na kai shi likita a Madawa, inda nake koyarwa a lakwal, aka auna jininsa aka ce yana ɗauke da ƙwayar sida, wato ƙanjamau. Majo, babban ma'aikacin wurin, bai yi mana kwana-kwana ba: magani ƙwaya ɗaya kullum muddin rai, in ya riƙe ya tsufa kamar kowa, in ya saki ya mutu. Yaya ya ce a Madawa zai riƙa karɓa, ba Buza ba, don a Buza ko atishawa ka yi sai an ji a ƙauyenmu na wajen Tabotaki. Ban musa ba, na san mutanenmu.

Mantuwarsa ce ta dame ni. Mutum ne da zai tada gida neman hularsa tana bisa kansa. Sai na tono wata aplikasiyo da aka ce an yi ta don masu irin ciwonsa. Kullum bakwai na safe wayar ta yi kuka, maɓalli biyu su fito. Kore, na sha. Ruwan ɗorawa, sai an jima, kuma bayan minti goma ta sake kuka fiye da na farko. In ya danna kore, alama ta fito a tawa wayar da zarar ya samu rezo, wato sabis ɗin waya. Komai da Faransanci, shi kuwa ko aji ɗaya bai zauna ba, don haka launi na koya masa. Har yabon kaina na yi ranar, ni mai boko.

Rani ya wuce lafiya, ya yi ƙiba, har ya fara yi mini tsiya wai na maida shi ɗan lakwal. Damina ta sauka. Kowace safiya ina duba waya kafin in ɗora ruwa, kore. In na kira, ya ce lafiya lau, hatsi ya yi kyau. Muna cikin hutu, ba abin da ya ɗaure ni a Madawa. Da abin nan ba ya hannuna, wallahi da na je na gan shi da idona, ko da a ƙafa ne. Amma me zai kai ni cikin taɓo, ga waya tana ce mini komai daidai?

Ana cikin yankan hatsi matarsa ta kira, ita kaɗai ta san ciwon bayan ni. Ta ce in zo, ba ya iya tashi. Na hau kabu-kabu na tafi. Na iske shi a tabarma ya koma kamar karan dawa, bakinsa duk fari, ko hura ba ta wucewa. Na ce a kawo mini kwalbar magani. Ta kawo, wayam.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ya ce tun noman farko. Ranar karɓarsa kori, rafin da ke kan hanyarmu, ya kawo ruwa, hanya ta yanke kwana huɗu. Da ta buɗe, ga ciyawa ta ci gona. Da ya gama noma, kwanaki sun ja, ya ji nauyin haɗa ido da majo, kuma jikinsa bai ce masa komai ba tukuna.

"To koren fa? Me ka riƙa danna mini?"

Ya ce, "Ƙanwata, abin wanga in ba ka danna kore ba, ba shi yin shiru. Ina tsakiyar mutane a gona, sai in bar shi yana kuka a tambaye ni? Na duba inda zan ce ya ƙare, ban gani ba. Kuma na san kina kallo. Na ce kar in tada maki hankali."

Na karɓi wayar na bincika lungu-lungu, ni da nake karanta Faransanci. Akwai hoton zuciya, akwai inda ake jinjina maka in ka cika wata, akwai shawarar cin 'ya'yan itatuwan da ban taɓa gani a kasuwa ba. Wurin da mutum zai ce maganina ya ƙare, babu. Waɗanda suka ƙera abin ba su taɓa tunanin kwalba tana ƙarewa ba. Haushinsu nake ji har yau, amma haushin kaina ya fi, don ni na yarda da su.

Na ɗauko shi zuwa Madawa. Majo bai yi faɗan da Yaya yake tsoro ba, ya dai dube ni. Aka mayar da shi kan magani, aka ɗebi jini aka aika birnin Tawa don a ga ko har yanzu maganin yana kama ciwon. Aka ce mu jira. Na shimfiɗa masa a ɗakina, ina ba shi da hannuna, yana amayarwa.

Takardar jinin ta iso kwana biyu bayan sadakar bakwai ɗin Yaya. Na je na karɓa, don sunansa ne a kai.