Kawu Sirrin-Yana

Kawuna mai gyaran fanka ne. Shagonsa ɗan tsurut, in ka shiga da kai sai ƙafa ta jira ka a waje. Sama fukafukan fankoki ne a rataye, ƙasa tulin waya da gwangwanin kusoshi. Amma ba da fanka aka san shi ba, da mutuwa aka san shi.

Akwai wani shiri da ake nunawa a talabijin duk mako, na dodanni da aljanun ruwa da takobi mai walƙiya. Kun san kayan. Jarumi maraya ne, ashe ɗan sarki ne. Mugu ya kama shi, maimakon ya sare shi sai ya tsaya yi masa lacca har agaji ya iso. A faɗa rami wannan makon, a fito mako mai zuwa ko ƙwarzane babu. To irin wannan shiri ba ya tafiya sai da tsoho mai farin gemu wanda ya san sirri. Kawu ke nan. Gemun nasa ne, sun huta da sayen gam.

Aikinsa ɗaya. Ya cakumi wuyan rigar jarumi a bakin kogo, ya ce, "Ɗana, sirrin yana..." sai kibiya. Ko tari. Ko dodo ya leƙo. Ya mutu yana boka, ya mutu yana mai gadin kogo, aka dawo da shi a tagwayen mai gadin kogo, ya sake mutuwa. Kuma ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yakan zube kamar buhun da aka yanke wa igiya.

Sai sunan ya bi shi gida. Yaran layi suka daina cewa Baba, sai Sirrin-Yana. Mutum ya kawo fanka, Kawu ya buɗe ya ce, "Matsalar tana..." sai mai fanka ya riƙe masa hannu.

"Don Allah, Baba, ƙarasa kafin ka tafi. Zafi ake."

Matarsa ma ba ta bar shi ba. "Ni fa na gaji da karɓar gaisuwa. Mutum ɗaya, mutuwa kamar kaza a hannun yara."

Duk ya shanye. Abin da ya ƙi wucewa a maƙogwaronsa shi ne ranar da surukinsa, baban mijin 'yarsa, dattijo mai nauyin baki, ya miƙo hannu a gaban jama'a ya ce, "Barka da yamma, Malam Sirrin..." ya haɗiye sauran. Washegari Kawu ya rufe shago da rana tsaka ya tafi wurin daraktan shirin.

"Na bar aiki. Ina da jikoki. Ba za su girma suna kirana da rabin magana ba."

"Haba Baba, ka zo a kan gaɓa," in ji darakta. "Kashi na gaba shirin zai yi wa kansa tsiya ne. Za mu kawo wa mugu kujera da ruwan sha don laccarsa. Jarumi zai tambayi me ya sa kowa a ƙasar nan maraya ne. Kai kuma za ka ƙarasa maganarka, ka tashi da ƙafafunka."

Kawu bai ji tsiya ba, bai ji kujera ba. Ƙarasawa kawai ya ji. Ya juya ga marubucin shirin.

"To yaro, sirrin yana ina?"

Marubuci ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Baba, ba mu taɓa rubutawa ba. Kullum kana rasuwa kafin mu buƙace shi."

Suka rubuta masa. Ya yi mako yana bita a shago, yana karanta wa fankoki, da ka leƙo ya yi gum. Na yi masa daɗin baki har na gaji, ya ce in jira talabijin kamar kowa.

Abin da ya faru a wurin ɗauka, mai kyamara ne ya tsegunta mini daga baya. Kawu ya cakumi jarumi, ya ce, "Ɗana, sirrin yana..." sai gwiwoyinsa suka saki. Ba kibiya, ba dodo. Jiki ne ya saba. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya zagi gwiwoyin, aka sake. Ya sake zubewa. Aka jingina shi da bango, ya sulale. Da ƙyar, da gumi, ya tsaya ƙyam ya faɗi maganar har ƙarshe, aka tafa masa, ya dawo gida yana tafiyar ango.

Ranar nunawa da yamma ya sa aka fito da talabijin tsakar gida, aka aro benci, aka ajiye wa suruki kujera a gaba.

Suka nuna faɗuwa ta farko. Suka nuna ta biyu. Babu wadda suka zubar, har da zagin gwiwa. Jarumi na duba agogo, dodo na zaune a gefe yana hamma. Tsakar gida ta kece da dariya. Suruki ya toshe baki da hula, kafaɗu na rawa. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ku saurara! Yanzu ne, yanzu ne!"

Ga shi a allo, tsaye, ido jawur. "Ɗana, sirrin yana..." sai kiɗan rufewa ya taso, sunaye suka hau fuskarsa. Bakinsa na motsi a bayan rubutu.

Da safe darakta ya kira yana murna, wai ba a taɓa kallon shirin kamar jiya ba. Kawu ya ce masa ya nemi wani gemun, ya kashe waya.

Suka nemo. Wani tsoho ne siriri, gemun gam. Mako na zagayowa na tarar da Kawu a shago, ya juya wa talabijin baya, wai yana naɗa waya. Kibiya ta sami sabon tsoho. Tsohon ya waiga ya duba inda zai faɗi, ya dafa ƙasa da hannu, ya kwanta a hankali kamar mai ciwon baya.

Kawu ya yi jifa da filaya.

"Kai! Wa ya ce ka dafa? Gawa tana dafawa? Ba haka ake mutuwa ba, ɗan banza!"