Ranar da Malam Bukar Ya Karɓi Ajinsa

Har yau ranar da Malam Bukar ya karɓi ajinsa daga hannuna ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo koyarwa kwanan nan nake ba labarin, domin wata rana za a ce ku taimaki abokin aiki, kuma taimako ma akwai yadda ake yinsa.

Lokacin ina sabuwar malamar Turanci a wata sakandare a Ajingi, kullum daga Toranke nake zuwa. Malam Bukar shi ne babba a sashenmu. Kakanninsa daga gabas suka zo, amma shi haifaffen Gaya ne, daga can yake tahowa a babur kowace safiya. Mafaɗaci ne, ba ya ƙyale kuskure ko da na shugaban makaranta ne. Da daminar shekarar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya kashe masa hannun dama, ya bar shi da jan ƙafa.

Muna da wata al'ada a aikin nan. Idan malami ya kwanta ciwo, sai a raba darussansa tsakanin abokan aiki, a bar sunansa a jadawali, don kada ofishin shiyya ya fara maganar sallamarsa. Zumunci ne, ba mai kushe shi. Ni aka ba 'yan ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar fita. Sai dai da Malam ya samu sauƙi ya fara zuwa a adaidaita sahu, ba wanda ya mayar masa da ko darasi ɗaya. Kujera mai hannu aka ajiye masa a ofishin malamai, gefen taga. Mutumin da ake jiyo muryarsa tun daga ƙofar makaranta ya koma amsa "sannu, ya jiki" daga safe har a tashi. Wallahi ramar da ya yi a kujerar nan ta fi wadda ya yi a asibiti, abin kuma yana cin raina.

Wata safiya ya tare ni. "Malama Hadiza, ina kika kai mini yara?"

Na ce, "Baba Malam, muna kan kalmomin iyawa da na hani. Jiya na yi ta fama, sun kasa bambance su."

Ya ce, "Taso mu je wajen shugaba."

Shugabanmu mutumin kirki ne, kuma Malam ya girme shi. Ya miƙe ya ba shi kujera, Malam ya ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, ajina nake so."

"Haba Malam, ka huta mana. Ba abin da zai taɓa albashinka. To da wane hannu ma za ka yi rubutu a allo?"

"Wa ya gwada ni ya ga na kasa? Likita ya hana ni hawa babur, na bari. Bai hana ni shiga aji ba, ku ne kuka hana ni."

Shugaba ya dube ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, zanen aro ba ya rufe katara. Yaran nan shi suka sani." Aka tsaya a kan zai yi darasi ɗaya, shugaba ya zauna a baya ya gani, kamar yadda masu duba makarantu ke yi.

Da muka shiga, Malam ya ɗauki alli da hagu. Ajin ya ɗauki ƙus-ƙus, don duk cikinsu ba wanda bai sha ranƙwashi a gida ba kan miƙa abu da hagu. Ya ce, "Ku yi haƙuri da ita, ita Allah ya bar mini." Rubutun a karkace kamar na ɗan aji ɗaya, amma yana karantuwa. Daga baya maiɗakinsa ta gaya mini tun da aka sallamo shi yake koyo da gawayi a bangon zaure.

Ya rubuta unable, ya ce, "Jaki ba zai iya hawa kuka ba, ko an ba shi izini." Ya rubuta not allowed. "Shanu kuwa ƙafafunsu lafiya lau, amma ba sa shiga gona kafin a kwashe gyaɗa. Hana su aka yi." Sannan restricted. "Ranar kasuwa mota tana shigowa gari, amma iyakarta tasha." Abin da na wuni ina kewayewa jiya, sai ga yara suna rige-rigen kawo nasu misalan.

Ana cikin haka allin ya suɓuce ya faɗi. Na zabura zan ɗauko, ya watso mini hararar nan tasa ta da, na koma na zauna. Ya dafa tebur, ya sunkuya a hankali, ya ɗauko abinsa, ya ci gaba. A nan hawaye ya zo mini, ba na ɓoye muku.

Da aka kaɗa ƙararrawa shugaba bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Malama, a mayar wa Malam da darussansa duka." Haka ya koyar har lokacin ritayarsa ya yi, ya tafi da mutuncinsa. Yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne, mu malamai muna da tausayi, amma ba mu cika tambaya ba. Ciwo hannu ɗaya ya karɓe wa Malam Bukar, sauran kuwa mu muka kusa karɓewa da sannu da kujera. Kafin ku sauke wa mutum kayansa, ku fara tambayarsa ko ya gaji.