Malam Sabiru da Ƙunshin Ƙosan Laraba

Ƙarfe bakwai da rabi Malam Sabiru yake buɗe shagon buga takardu da ke kan hanyar Kusugu. Ya yi shara, ya yaye zanen da ya lulluɓe kwamfuta, in babu wuta ya ja janareto. Shekara goma sha bakwai ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji.

Duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san halinsa. Ka ce ya buga maka shafi daga intanet, ba zai danna nan take ba. Sai ya kwashe rubutun zalla, ya zubar da tallace-tallace da hotuna da surutan masu sharhi, ya matse layi, ya buga gaba da baya. Abin da zai ci takarda tara, ya miƙo maka biyu. Ɗalibai Mai Rariya suke kiransa. Kaɗan ne suka san mafarin abin.

A da, yadda shafi ya zo haka yake bugawa. Rarar da aka bari kuwa Laraba ke kwashewa don ƙunshi, wata bazawara mai 'ya'ya huɗu da ke suyar ƙosai a bakin shagon. Wata Talata wani malamin Islamiyya daga Baure ya sa aka buga masa darasin rabon gado, ya zaɓi shafi uku, ya bar sauran. Washegari Alhaji Muktar mai shadda ya sayi ƙosai, yana buɗe ƙunshi sai ga ayar Alƙur'ani ta jiƙe sharkaf da mai.

Nan da nan aka kewaye kaskon.

"Innalillahi! Laraba, da ayar Allah kike ƙunshi?" in ji Alhaji Muktar.

"Wallahi Alhaji boko na gani a samanta. Ni da ko sunana ban iya karantawa ba!"

"A kai ta gun mai unguwa," in ji Alhaji. "Ta gama suya a layin nan."

Sabiru yana ciki yana ji. Ba wanda ya tambayi inda takardar ta fito, Laraba ma ba ta ambace shi ba. Da ya yi shiru, da shi ke nan. Sai ya fito.

"Alhaji, a ƙyale ta. Daga shagonmu ta fito, ni na ba ta da hannuna."

"Kai? Da karatunka?"

"Ai shi ya sa laifin ya fi dacewa da ni."

Mai unguwa ya wanke shi tas a bainar jama'a. Aka tattara sauran takardun aka ƙona, aka binne tokar a wuri mai tsarki. Laraba ta koma kan kaskonta. Shi kuwa tun ranar bai sake buga shafin da bai karanta ba, bai kuma sake buga wanda ba a buƙata ba. Mai gaggawa ya yi ta tsaki, amsar ɗaya ce: "Yi haƙuri, takardar da ba a buga ba ba ta faɗawa kwata."

Laraba har yau tana suya, da kaskon nan ta aurar da 'ya'ya uku. In an ambace shi cewa take, "Wannan marowacin? Ko ƙyallen takarda ba ya ba ni." Sai kuma ta ƙara da, "Allah ya ba shi lafiyar idon."

Malam Sabiru, kai ne ka amsa laifin da ba a tuhume ka da shi ba, ka kuma gyara shi a aikace, shafi bayan shafi. Mun gode, Allah ya sa a mizani.

Ku kuma masu shaguna daga Daura har Dutsi, kafin ku danna, ku duba shafi nawa ne, da abin da ke ciki. Takarda in ta bar hannunku, wadda za ta ɗauka ba lallai ta iya karatu ba.