Sati Uku Muna Gardamar Sunan Bindiga

Shekarun baya, lokacin ina gadi a wani babban kanti a Al Gharrafa, a Qatar, ɓarayin daji suka matsa wa garinmu can gida lamba har noma ya nemi gagarar mutane. Mu 'yan garin da ke Doha, direbobi da masu gadi, muka haɗa hannu aka ƙera wa mafarautanmu bindigogi harba-ka-ruga guda takwas don su riƙa raka manoma gona. Yayana ne shugaban mafarautan.

Sai hakimi ya ce ba mai ɗaukar bindiga sai an buga sunan ƙungiya da lamba a jikin kowace an yi rajista, kada gobe a tsinci ɗaya a hannun ɓarawo a rasa mai ita. Magana mai kyau. To amma sunan ƙungiyarmu, wanda ni na raɗa shi, sai ka ja numfashi sau biyu kafin ka kai ƙarshensa. Maƙeri ya aiko cewa filin da ke jikin ƙarfen bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, mu ba shi kalma ɗaya ko biyu.

Nan fa aka yi ta. Juma'a ce kaɗai ranar hutunmu, sai mu taru a ɗakinmu na Mu'aither kowa da shayinsa. Abokina, wani direba, ya ce a sa "Tsaro", khalas, wato shi ke nan. Ni kuwa na kafe sai Doha ta fito a cikin sunan, tunda mu ke tsayuwar awa goma sha biyu takalmi na cin ƙafa. Ku ji fa, ni da ban taɓa harba ko danƙo ba, ni na zama sarkin yaƙi. Wani ya tuna 'yan garinmu da ke Saudiyya ma sun taimaka, aka sake dagula lissafi. Juma'a uku muna watsewa ba matsaya.

Yayana ya kira ni, muryarsa a gajiye. "Ƙanena, ku rubuta ko sunan jaki ne. Gero ya nuna, mutane na tsoron fita." Na yi dariya, na ce ya ƙara haƙuri zuwa Juma'a.

Ran Laraba da hantsi ina bakin ƙofa ina duba jakunkunan mutane, waya ta yi ta rawa a aljihuna. Ba a ɗaga waya a bakin aiki, sai da aka sallame ni azahar na duba. Ashe yayana ne ya raka masu yankan gero da adda da gora kawai, aka harbe shi shi da mutum biyu. Kafin in ji har an kai su makwanci. Bindigogi takwas suna jingine a maƙera.

Ba wanda ya ɗora min laifi. Mahaifiyata ma cewa ta yi kwanansa ne ya ƙare, in daina kuka in yi masa addu'a. Na yarda da ƙaddara, kuma na san wataƙila ko da bindigar a hannunsa da hakan ta faru. Amma wallahi dariyar nan da na yi masa har yau tana cin raina, kuma tun daga lokacin ban sake jan gardama kan abin da wani ke jira ba.

A ranar rasuwar abokina direban nan ya kira maƙeri ya ce ya buga duk abin da ya ga dama. Bayan shekara biyu na je gida, wani mafarauci ya zo gaishe ni da ɗaya daga cikin bindigogin a kafaɗa. Ya miƙo min da murna, wai in ga sunanmu. Na ce ya bari, hannuna da maiƙo.