Sunan da Na Rubuta da Hannuna

Wata Asabar bayan la'asar 'yata ta dawo daga makarantarsu ta Yelwa. Ta jingina wayarta da tulu ta ce, "Umma, bar tsintar shinkafar nan ki ga fim ɗin Indiya, fassarar Hausa ce. Kamar labarin gonarmu suka ɗauka."

Na zauna na kalla har ƙarshe. Wani ɗan siyasa ne ya haɗa baki da ma'aikatan filaye za su ƙwace gonakin wani ƙauye. Suka zo da katafila da 'yan daba, ana ta ihu. Can wani saurayin lauya ya tona asirinsu a gaban alƙali, aka mayar wa mutane ƙasarsu, aka sha rawa cikin ruwan sama.

"Ya kika gani, Umma?"

Na ce, "Sun dai iya kuka. Amma wanda ya shirya shi ba a taɓa raba shi da gona ba."

Mu a Tirwun ba da ihu aka zo mana ba. Mutum biyu ne da manyan riguna. Suka yi sallama, suka cire takalma, suka sha ruwan da na kawo, har suka yi mini gaisuwar rasuwar maigidana. Suka ce ana rubuta sunayen masu gonaki ne don kada wani ya shiga haƙƙin wani. Takardar da suka fito da ita da Turanci take. Maƙwabtana mata duk suka dangwala yatsa. Ni kuwa a shekarar na gama ajin yaƙi da jahilci, sai na ce a ba ni biro. A hankali na rubuta sunana, har da na mahaifina. Ɗayansu ya ce, "Iye, ashe Hajiya 'yar boko ce!" Wallahi kwana biyu na yi ina jin daɗin maganar nan.

Damina na kawo kai muka tarar an kafa duwatsun siminti a kusurwoyin gonar. Ashe takardar ta amincewa ce a karɓi filin. Da muka kai kuka ofishin filaye, masu dangwale an saurare su, tunda ba su san abin da ke ciki ba, wasu ma an bar musu gefe. Da aka zo kaina sai jami'in ya juyo mini da takardar.

"Hajiya, wannan ba rubutunki ba ne? Ai mai karatu ba ya cewa bai sani ba."

Rubutuna ne. Har inda biron ya ɗan karkace na gane.

Ranar da muka kalli fim ɗin 'yata ta ce, "Umma, ai mu ma da za mu samu lauya irin wannan..."

Na ce ta tashi ta ɗora ruwan tuwo.

Watan jiya na wuce ta wurin a keke. An zagaye shi da bulo, an sare ɗorawar da ke kan iyakarmu. Ban ce mai keken ya tsaya ba.

Har yau in aka miƙo mini takarda, ko ta asibiti ce, yatsana nake miƙawa.