Ɗan Fari a Filin Bezbol

Ni dai ban nemi a kai ni kallon ƙwallo ba. Abin da na nema shi ne a fitar min da yaran nan daga ɗaki kafin su haukata ni.

Lokacin muna zaune a unguwar International City a Dubai, shekarar da ta gabaci korona, a wani fulat mai ɗaki ɗaya da falo. Yara uku gare ni: babban namiji ne ɗan shekara bakwai, mai bi masa mace, sai autan da bai daɗe da barin nono ba. Babansu yana wurin aiki a unguwar Ras Al Khor tun safe har dare, yana loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Ga hutun makaranta na ƙarshen shekara ya kama. Babu tsakar gida, babu zaure, babu gidan da za ka ce wa yaro je ka can ka yi wasa. Su hau kujera su diro, su hau gado su diro, har mutumin da ke ƙasanmu ya riƙa buga mana sanda a silin. Ni kaina na koma kamar su. In leƙa taga, in buɗe firij in rufe, in sake leƙa taga, ba abin da nake gani sai motoci da rufin babbar kasuwar 'yan Sin.

Maƙwabciyata ce ta kawo maganar. 'Yar Jos ce, Kirista, tana aikin jinya a wani asibiti, kuma Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Ta ce mazan wasu abokan aikinta 'yan Filifin suna da wata 'yar ƙungiya ta ma'aikata, ranar Asabar za su kara da wata ƙungiyar a wasan da ake kira bezbol. Ba a biyan ko sisi, akwai ciyawa, kuma in an tashi ana barin yara su shiga fili su yi gudu. Da na ji kalmar gudu ban ma tambayi mene ne bezbol ɗin ba, na ce mun zo.

Ita maƙwabciyar tawa da sunan babban ɗana take kirana, maman wane, ni kuma in amsa. Amma sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da aka raɗa masa shi. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Kunya ce, haka muka taso muka tarar. Yayana, ɗan farin gidanmu, yau har da furfura a gemunsa, mahaifiyarmu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce ina wannan, kuma duk gidan an san wa take nufi. Ba ta zaunar da shi a cinya, ba ta yabonsa a gaban mutane. Bai rasa komai ba, don akwai kaka, akwai gwaggo, akwai inna, kowa na ja. Ɗan fari ai ɗan dangi ne. Nawa ma haka ya fara, a hannun kakarsa yake wuni, tana ce masa maigidana, tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba. Sai biza ta fito muka taho. A nan kuwa daga ni sai bango huɗu, ni ce kakar, ni ce gwaggon, ga shi bakina ba ya iya kiransa sai da kai. Kai, zo nan. Kai, sauko. In ina magana da ƙannensa in ce yayanku.

Ban ɗauki abin a bakin komai ba sai wata rana ina kicin na ji shi yana gaya wa ƙanwarsa, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin gari, wai ita da auta ne 'ya'yan Umma, shi ya sa ta san sunansu. Na yi dariya ni kaɗai a kan tukunya. Dariyar ba ta kai ciki ba. Tsoro ne ya kama ni, kada yaron nan ya girma yana zaton ba na sonsa, alhali duk cikinsu shi ne wanda in ya yi tari nake kasa barci. Na gaya wa babansu, ya ce to ki kira shi mana, nan Dubai ce, wa zai ji ki? Namiji kenan. Shi a ganinsa kamar kunna fitila ne.

Ranar Asabar ɗin ma da rigima ta fara. Mun gama shiri, na ɗaure auta, sai wayar babansu ta yi ƙara, wai kayan wani alhaji sun iso sito kuma kwantena za ta rufe. Ya sa mu a tasi ni da maƙwabciya da yara, ya ce mu yi gaba, yanzun nan zai same mu, inshallah. Na san wannan inshallah ɗin, da ita aka aure ni. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ya san ba addu'a ba ce.

Filin yana can bayan gari, an kewaye shi da waya, da 'yan bencuna na ƙarfe hawa-hawa. Ciyawa kuwa shar, har sai da na ji kamar in cire takalmi. Mutane ba su da yawa, yawanci matan 'yan wasan ne da 'ya'yansu da kulolin abinci. Muka samu wuri muka zauna.

To, wasan. Wani ya tsaya a tsakiya ya jefo ƙwallo, wani riƙe da kulki ya kai mata duka, wani kuma ya tsuguna a bayansa da ƙarfe a fuska yana cafkewa. In an dace an buga, sai mai kulkin ya yar da shi ya ruga, yana taka wasu fararen matasai da aka ajiye a kusurwoyi har ya zagayo inda ya tashi. In an dace ke nan. Sauran lokacin duk tsayuwa ce. Ƙarti da tumbi sun bazu a fili, wannan na sosa wuya, wancan na gyara hula. Na tambayi maƙwabciyata yaushe za a fara, ta ce ai an daɗe da farawa. Na ce tabɗi, ashe na baro zaman ɗaki ne na zo zaman benci.

Yaran ƙanana ba su ba wasan ko minti biyar ba. Ta tsakiyar ta ce gugguru take so, aka sayo, ta ce ba irin wannan ba. Auta ya zame daga jikina ya shige ƙarƙashin benci, na jawo shi da ƙafa, ya fito da murfin kwalba a baki. Lemo ya zube a hijabina. Na duba waya, babu kira. Na tashi, na zauna, na koma bencin sama don in hango ƙofa, na sauko don rana. Duk motar da ta tsaya sai na miƙa wuya. Na kira babansu, ya ce shwayya shwayya, wato in yi haƙuri, saura kaɗan, ina jin ƙarar motar ɗaga kaya a bayansa. Na kashe ban yi masa sallama ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai matan nan ne. Da mijin mace ya ɗauki kulki sai ta miƙe tsaye ta kama sunansa tana kwararawa a bainar jama'a, har da tafi, har da rawa. Sunan miji fa! Na dubi maƙwabciyata na ce waɗannan ba su da ta ido. Ta yi dariya har da dafa ni, ta ce maman wane, ke dai a bar ki da kunyarki, wata rana sai ta shaƙe ki. Na ce ta shaƙe ni ɗin, ai tawa ce.

Babban kuwa tunda muka zo yana jikin wayar da ta kewaye filin, yatsunsa a cikin ramukanta, ko gugguru bai nema ba. Kafin a yi nisa ya gane kan wasan, abin da ni har yau ban gama ganewa ba. Can sai ya juyo ya ce Umma kin gani, in ya kuskure sau uku ya fita. In ce na gani, kai, matsa daga jikin wayar nan kada ƙwallo ta same ka. Ya matsa taku ɗaya, in na kau da kai ya koma. Ina kallonsa ta gefen ido, ina jin daɗin kaifin kansa, amma ban yabe shi ba.

Da la'asar ta kawo jiki aka tashi, ban san wa ya ci ba. Wani dattijo mai lasifika a hannu ya kira yara su shigo, yalla yalla, wato maza-maza. Za a jera su huɗu-huɗu su zagaye matasan nan da gudu, wanda ya riga dawowa a ba shi ƙwallo ta zama tasa. Ɗana ya dube ni, na ɗaga masa kai, ya ruga. Daidai lokacin ƙanwarsa ta ce fitsari, kuma yanzu-yanzu. Maƙwabciyata ta ja ta suka nufi bayi can ƙarshen fili. Na rage daga ni sai auta a kafaɗa.

Iyaye mata suka yi layi a jikin waya. Rukunin farko suka tashi, wurin ya kaure da sunaye, kowace uwa na kiran nata kamar za ta tsaga maƙogwaro. Na biyu ma haka. Na waiga ƙofa, babu babansu. Na waiga hanyar bayi, babu maƙwabciya. Sai na ga inda abin ya dosa: duk filin nan ba wanda ya san sunan yaron nan sai ni.

Aka jera su, shi da wasu yara uku. Kafin a busa ya juyo yana neman fuskata a cikin matan, ya same ni, ya juya. Aka busa. Wallahi yaron nan yana da gudu, ban sani ba, ina zan sani a falo? Kafin matashi na farko ya ba su rata. Sunaye uku na tashi a kunnena ta dama da hagu, nasa babu. Na ce kai, yi gudu! Kai ɗin ta ɓace a cikin hayaniya, kai ai kowa ne. Ya taka na biyu, yana gaba, sai na ga ya ɗan karkato da kai wajenmu yana gudun, kamar mai sauraron wani abu.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Sai dai na ji sunan ya fita, da ƙarfin da auta ya firgita ya fashe da kuka.

Yaron ya tsaya cak. A tsakiyar fili, tsakanin matashi na biyu da na uku. Yaran nan uku suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, dattijo na ta yi masa ihu a lasifika ya ci gaba, bai ko dube shi ba. Ya bar layin ya yanko ta tsakiyar ciyawa ya nufo ni da gudun da ya fi na farko, ya zo ya kama waya yana haki, idonsa duk a waje.

"Umma, me ya faru? Wani abu ya sami Baba?"

Na ce babu abin da ya sami kowa.

"To me na yi?"

Wato a lissafinsa, ba abin da zai sa sunansa ya fito daga bakina sai mutuwa ko babban laifi. Na ce ba ka yi komai ba, cewa na yi ka yi gudu. Ya tsaya yana kallona ta cikin wayar, ni kuma na rasa inda zan sa idona, na hau jijjiga auta kamar shi ne damuwar. Matar da ke gefena ta ce min wani abu da Turanci tana murmushi, ban fahimta ba, ban kuma so in fahimta ba.

Wani yaro ya karɓi ƙwallon. Dattijon mutumin kirki ne, ya zo har bakin waya ya ce habibi, wato ɗana, zo ka sake, za a sa ka a rukuni na gaba. Ɗana ya girgiza kai. Ya zagayo ta ƙofa ya zo ya zauna a benci, jikinsa na taɓa nawa, abin da ba ya yi. Ban matsa ba. Maƙwabciyata ta dawo da yarinya tana tambaya an yi gudun ne, wa ya ci? Ta dube ni, ta dube shi, ta nemi wuri ta zauna, kuma na gode mata da ba ta sake tambaya ba.

Babansu bai zo ba. Saƙo ya turo wai mu hau tasi, kwantena ba ta rufe ba tukuna. Ko haushinsa ban samu sararin ji ba.

A tasi maƙwabciyata ta shiga gaba, mu muna baya. Ƙananan biyu suka yi barci tun kafin mu hau babban titi, gugguru a manne a kumatun yarinyar. Ana ta kiran magariba daga masallatan da muke wucewa. Ina ta tunanin mahaifiyata, da abin da za ta ce in ta ji na tsaya a gaban maza da mata na ƙasashen duniya na kwarara sunan ɗan fari. Har yau ban gaya mata ba. Shi kuma yana jikin taga yana kallon fitilu, can ya juyo, ya yi ƙasa da murya don kada na gaba su ji.

"Umma, sake faɗa."

Na dubi ƙeyar direba, na dubi maƙwabciyata da ta duƙufa a kan wayarta kamar an ba ta aiki. Bakina ya yi nauyi, ya fi na ɗazu nauyi, don ɗazu babu tunani a ciki. Na sunkuya daidai kunnensa, gashinsa na warin rana da ciyawa, na faɗa a hankali.

"Na'am," ya ce.

Ya gyara zama yana kallona, yana jiran ya ji abin da za a sa shi, ko ya riƙe jaka, ko ya gyara wa ƙaninsa wuya. Ya daɗe yana jira. Ban aike shi ko'ina ba.