Shanun da Aka Bari a Gidanmu

Mahaifina malamin zaure ne a Birnin Gwari, mai son bin asalin kalma. Shi ya koya mini cewa amana Larabci ce, tushensu ɗaya da imani da aminci, har da amin ɗin da muke shafawa bayan addu'a. Ma'anarta ta fari, in ji shi, mutum ya zauna ba tsoro.

Yana da aboki, wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke wajen Kutemeshi. Duk ranar kasuwa a zaurenmu yake sallar azahar. Shi ya ce mana su ma Fulani suna cewa amaana, amma tasu ta gado ita ce hoolaare, wato ka saki jiki da mutum. Abin da ke ba shi dariya, Bahaushe ne kawai ya ji yana cin amana, sai ka ce tuwo.

Bayan rasuwar mahaifinmu daji ya lalace. Ɓarayi suka kore garken dattijon, saura shanu huɗu. Ya koro su gidanmu, ya damƙa wa yayana, ya ce zai kai iyalinsa wurin dangi ya dawo.

Kafin kaka shanun suka ɓace. Yaya ya ce mini an tare su a wurin kiwo, na kuma yarda. Da dattijon ya dawo, Yaya ya ƙi fitowa, ni na tsuguna na faɗa masa, har da rantsuwa. Ya daɗe yana kallon turakun.

"Na ji, ɗana," ya ce. "Allah ya mayar da alheri."

Bayan mako biyu na ga ɗaya daga cikin shanun, wata jar saniya mai tsagaggen kunne, a gidan wani mahauci. Ya ce ai yayana ne ya sayar masa, duka huɗun. A bakinsa na ji sauran: Yaya ya baza a kasuwa cewa dattijon ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, don kada ya sake shigowa gari.

Na tunkari Yaya. Ko kunya bai ji ba, ya ce iyali ke gabansa, kuma wa ya san gaskiyar mutanen daji yanzu.

Na je Kutemeshi neman dattijon. Na tarar da rugar kango, ba wanda ya san inda ya nufa. Yau shekara shida ke nan, tsakanina da Yaya sai gaisuwa. Da bakina ya yi ƙaryar, kuma dattijon ya tafi yana ganin da ni aka haɗa baki.